Ficewar Nijar daga ECOWAS: waiwaye kan tarihin hanyar Arewa



Tun ranar 28 ga Janairun 2024, da Nijar da Mali da Burkina Faso suka ba da sanarwar ficewa daga ƙungiyar ECOWAS, aka samu sabon ƙugiyar rataye laifi. Rago ya yi tsada, sai a ce ai Nijar ta fita. Albasa ta hau, wake ya hau, dabino ya gagari mai azumi, amsar dai ita ce. Ɗan adawa a nan gida yana cewa gwamnati ce ta kori maƙwabci da hannunta, shi ya sa Arewa ta shiga uku. Na gwamnati ya ce sojojin Yamai ne suka ɓalle, suka ja wa talakawansu da namu. A can tsallaken kuma, 'yan siyasar da aka hamɓarar suna cewa ficewar ce ta jefa ƙasarsu cikin ƙunci, masu mulki suna cewa ƙungiyar ce tun farko ta shaƙe su. Maganar ta iso har rumfunanmu na Kwoi, garin da ke nesa da iyaka fiye da kilomita 500, har mun ji wasu daga cikinmu sun fara ɗari-ɗari da ba abokan cinikinsu na Maraɗi kaya bashi, wai ba a san abin da gobe za ta haifar ba. Tun da abin ya kai ga taɓa amanar da ke tsakanin mai kaya da dillalinsa, to ya dace mu waiwayi tarihin wannan hanya, mu ga me ya saba karya fatauci a kanta.

Hanyar ta girmi ƙungiyar, ta kuma girmi iyakar kanta. Maraɗi da muke kai citta garin Katsinawa ne: sarakunan Haɓe na Katsina da jihadi ya kora bayan 1807 su ne suka kafa mulkinsu a can. Kanwa da gishiri da dabbobi suna gangarowa daga Arewa, tufafin Kano da hatsi suna hawa, tun ba a san Bature ba. Ayarin goro yana tashi daga Kano ya bi ta Yawuri, ya ratsa Borgu da Dagomba, ya sauka Salaga a ƙasar Gwanja, tafiyar watanni, ana biyan fito a bakin kogi da kuɗin hanya ga kowane sarki. Kuɗin kuma ɗaya ne, wuri, daga Kano har Gwanja. Mu tuna wannan idan aka zo mana da labarin kuɗin bai-ɗaya na ECOWAS da ake kira Eco, wanda aka yi ta ɗage ranar fitowarsa tun 2003, yanzu an ce sai 2027. Kakanninmu sun ci kasuwa da kuɗi ɗaya ba tare da an yi taron shugabanni ko ɗaya ba.

Su ma fataken da suka yo kudu, suka bi ta Zariya da Kachia zuwa Keffi, suka yada zango a ƙasar mutanen Ham da muke kira Jaba, reshe ne na wannan babbar hanya. Da yawanmu jikokinsu ne.

Iyakar da ake rufewa ana buɗewa yau, Ingila da Faransa ne suka shata ta a takarda, daga yarjejeniyar 1890 zuwa ta 1906, sannan jami'ansu suka bi daji suna kafa alamu tsakanin 1906 da 1908. Tsawonta ya kai kusan kilomita 1,500, ta taɓa jihohinmu bakwai: Kebbi, Sakkwato, Zamfara, Katsina, Jigawa, Yobe da Borno. Ta raba Illela da Ƙonni, ta raba Jibiya da Ɗan Isa, ta raba gida da gonarsa. Amma ba ta hana ciniki ba, sai ma ta haifar da wani sabo. Da aka samu kuɗi biyu da haraji biyu da farashi biyu, sai bambancin da ke tsakani ya zama abin nema. Alhazan Maraɗi da suka yi suna, da gyaɗa suka fara, sannan suka bunƙasa da shigo da atamfa da taba da shinkafa ta tashar Kwatano suna turo su Najeriya, musamman a shekarun da naira ɗaya ke sayen sefa ɗaruruwa.

Mu a nan, abin da ya sauya mana rayuwa jirgin ƙasa ne. Layin da ya taso daga Fatakwal ya ratsa Inugu da Makurɗi ya haɗe da Kaduna ta Kafanchan, kuma a 1927 Kafanchan ta zama mahaɗa da reshen Jos. A wannan zamanin ne noman citta don sayarwa waje ya kankama a kudancin lardin Zariya. Sarkin Jama'a ma daga baya ya bar tsohon gari ya dawo Kafanchan, ya bi jirgi. To, karo na farko da wannan hanya ta yanke mana, ba wata ƙasar waje ce ta fita daga wata ƙungiya ba. Yaƙin basasa ne na 1967 zuwa 1970 ya datse layin Gabas, manja ya daina hawowa yadda aka saba, kayanmu suka daina sauka Fatakwal. Dattawan da suka ga lokacin suna nan da ransu, a tambaye su.

Ana cikin wannan yaƙin ne kuma aka yi abin da ya kamata kowane mazaunin zango ya sani. Ranar 18 ga Nuwamban 1969 gwamnatin Kofi Busia a Gana ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako biyu ya bar ƙasar. Dalilin da aka bayar shi ne tattalin arziki ya taɓarɓare, baƙi sun cinye kasuwa da ayyuka. Dubban ɗaruruwa suka fito, Yarbawa da Hausawa da Zabarmawa, har da waɗanda aka haifa a zangon Kumasi da na Akara ba su taɓa ganin Kano ba. Aka sayar da gidaje da rumfuna a wulaƙance. Tattalin arzikin Gana kuwa bai gyaru ba, ko shekara uku ba a yi ba soja suka kifar da Busia a Janairun 1972.

Irin wannan raunin na cikin abubuwan da aka so a magance da aka kafa ECOWAS a Legas ranar 28 ga Mayun 1975, bisa ƙoƙarin Janar Yakubu Gowon da Gnassingbé Eyadéma na Togo. A 1979 aka sa hannu a Dakar kan yarjejeniyar zirga-zirga, wadda ta ba ɗan kowace ƙasa damar shiga wata ba biza ya yi kwana 90. Wannan alheri ne, ba mai musu. Duk wanda ya taɓa zuwa Agadas ko Kumasi da 'yar takardarsa a aljihu ya ci moriyarsa.

Amma mu duba abin da ya biyo baya, muna cikin ƙungiyar tsundum. Kuɗin mai ya faɗi a kasuwar duniya, zaɓe ya matso, sai ga gwamnatin Alhaji Shehu Shagari a Janairun 1983 ta ba baƙi marasa takarda wa'adin mako biyu, daidai irin na Busia. Mutanen da suka fita an ƙiyasta su kusan miliyan 2, wajen rabinsu 'yan Gana, sauran har da 'yan Nijar masu yawa. Jakar nan mai zanen ɗaki-ɗaki da muke zuba kaya a ciki, sunan da aka laƙaba mata daga wannan korar ya samo asali. Shekara ta zagayo, Janar Muhammadu Buhari ya rufe iyakokin ƙasa a Afrilun 1984 don canjin kuɗi, bai buɗe ba har aka kifar da shi, sai a Maris na 1986 Janar Babangida ya buɗe. Rufewar ta faɗo daidai da farin 1984. Hatsin da ya saba hawa daga Kano da Katsina ya tsaya, dabbobin da ya kamata a gangaro da su a sayar suka mutu a hannun masu su. Mutanen Nijar suna sa wa kowace yunwa suna, wannan kuwa a wurare da dama El-Buhari suka sa mata. A lokacin Najeriya tana cikin ECOWAS, Nijar tana ciki, hedikwatar ƙungiyar ma a Legas take.

Wani zai ce ai wannan zamanin soja ne. To, ga na farar hula. Ranar 7 ga Yulin 2019, a birnin Yamai, Shugaba Buhari ya sa hannu kan yarjejeniyar ciniki maras shinge ta Afirka baki ɗaya. Ranar 20 ga Agusta, mako shida ke nan, aka rufe iyakokin ƙasa don hana fasa-ƙwaurin shinkafa da fetur. Aka hana kai mai gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. Tumatir da albasa suka ruɓe a mota, kasuwar Dawanau ta yi sanyi, Maigatari da Mai'aduwa suka zama kamar ba ranar kasuwa ba. Sai a Disamban 2020 aka buɗe Seme da Illela da Maigatari da Mfum, Jibiya da Kamba kuwa sai Afrilun 2022. Hauhawar farashin abinci da ke wajen kashi 13 cikin ɗari a watan da aka rufe ta haura kashi 19 a watan da aka buɗe. Shinkafar waje ba ta daina shigowa ba, ta koma bin daji a kan babura, kuɗin da ake ba masu tsaron hanya ya ƙaru, mai saye ya biya. Ba wanda ya fita daga ƙungiya a wannan karon ma.

Yanzu mu zo kan shekarar 2023, mu bi ta a hankali, domin a nan gizo ke saƙar. Abubuwa ne suka taru a cikin 'yan watanni har suka cakuɗe a ƙwaƙwalwar mutane.

Shekarar ta buɗe da ƙarancin takardun naira saboda canjin fasalin kuɗi, lokacin da manomi zai kawo citta kasuwa a rasa tsabar da za a ba shi. Ranar 29 ga Mayu Shugaba Bola Tinubu ya ce tallafin mai ya ƙare. Litar fetur da ake sha ƙasa da naira 200 ta koma wajen 500 cikin kwanaki, ta haura 600 a Yuli, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. A tsakiyar Yuni aka saki naira ta nemi farashinta da kanta. Dalar da gwamnati ke bayarwa wajen naira 460 ta haura 1,500 a Fabrairun 2024. Sefa kuwa a ɗaure take da kuɗin Turai, don haka duk faɗuwar da naira ta yi a gaban dala ta yi ta a gaban sefa. Ragon da Ba'adare ya sa wa kuɗi jaka ɗari, ko bai ƙara ko dala ɗaya ba, mai naira sai ya kawo ninkin abin da ya saba kawowa. Wannan lissafi ne da kowane ɗan canji a Wapa zai yi maka a tsaye.

Sannan ranar 26 ga Yuli sojoji suka tsare Shugaba Mohamed Bazoum, Janar Abdourahamane Tiani ya hau. Ranar 30 ga wata shugabannin ECOWAS suka taru a Abuja ƙarƙashin Tinubu, wanda bai fi mako uku da karɓar shugabancin ƙungiyar ba, suka ƙaƙaba takunkumi: a rufe iyaka, a tsayar da ciniki, a riƙe kuɗin gwamnatin Nijar, aka kuma ba da wa'adin mako guda ko a yi amfani da ƙarfi. Najeriya ta yanke wutar lantarkin da Nijar ke samun wajen kashi 70 cikin ɗari na abin da take sha daga gare ta. Manyan motoci suka yi layi a Jibiya da Illela, da Malanbil a iyakar Benin. Magani ya yi ƙaranci a asibitocinsu, shinkafa ta hau, gwamnatinsu ta zaftare kasafin kuɗin shekarar da kashi 40 cikin ɗari. Sanatocin Arewa suka ƙi yarda da yaƙi, Janar Abdulsalami Abubakar da Sarkin Musulmi suka je Yamai, Malam Sanusi Lamido Sanusi ya je, tawagar malamai ƙarƙashin Shaikh Bala Lau ta je. Allah Ya saka musu, ba a harba harsashi ko ɗaya ba.

A wannan daminar dai, a nan gonakinmu, annoba ta faɗa wa citta. Ganye ya yi rawaya, saiwa ta ruɓe a cikin ƙasa, daga Jaba zuwa Kachia da Kagarko da Jama'a. Manoman da suka ci bashi suka zuba iri da taki suka tashi da hannu biyu. Gwamnatin tarayya da kanta ta ƙiyasta asarar ta haura naira biliyan 12. Buhun busasshiyar citta ya ninka kuɗinsa sau da dama, irin shuka ya gagari mai ƙaramin ƙarfi, wasu suka koma kurkur da masara. Mu da muke saye mu tsaga mu shanya mu tura Kano da Legas, mun san cewa ko da iyakar Jibiya a wangale take a wannan shekarar, babu kayan da za mu ɗora. Da ma mafi yawan cittar da ke fita waje ta tashar jirgin ruwan Legas take bi, zuwa Indiya da ƙasashen Larabawa da Turai. Abin da ke hawa Maraɗi da Damagaram da Yamai don shayi da yaji da kunu yana da muhimmanci gare mu ƙananan 'yan kasuwa, amma ba shi ke yanke farashi a Kwoi ko Kubacha ba.

Mafi yawan waɗannan sun auku kafin a ce uffan game da ficewa. Sanarwar ta zo a Janairun 2024, kuma bisa dokar ƙungiyar sai bayan shekara guda ta tabbata, wato ranar 29 ga Janairun 2025. Kafin nan ma an ɗage takunkumin ranar 24 ga Fabrairun 2024, iyakarmu da Nijar ta buɗe a watan Maris. Wahalar da Nijar ta fi sha, ta sha ta ne tana 'yar ƙungiya, hukuncin 'yar gida aka yi mata. Tsadar da mu muka fi sha kuwa, a Abuja aka yanke shawarar da ta kawo ta. Ko shawarar daidai ce ko kuskure, wannan wata muhawara ce daban, masana suna ta yi. Abin da ba za mu karɓa ba shi ne a ɗauki kayan wani a ɗora wa wani jakin.

Ga wani ma'auni mai sauƙi. Najeriya ba ta fita ko'ina ba, amma hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a Disamban 2024. Gana ba ta fita ba, tata ta haura kashi 54 a Disamban 2022. Nijar da ta fita, tata ba ta kai rabin tamu ba, domin ba ta bar sefa ba, ba ta kuma bar ɗaya ƙungiyar ta masu amfani da sefa da ake kira UEMOA ba, wadda ta haɗa ta da Benin da Togo da Kodebuwa da Senegal a kan kuɗi ɗaya da harajin kwastan ɗaya. Masu zuga ficewar ba su cika faɗin wannan ba, masu kushe ta ma haka. A 2024 tattalin arzikin Nijar ma ƙaruwa ya yi a takarda, da fiye da kashi 8 cikin ɗari, saboda an fara tura ɗanyen mai daga Agadem ta bututu mai tsawon kusan kilomita 2,000 zuwa gaɓar tekun Benin. Ko talakan Tasawa ya ga wannan ƙaruwa a tukunyarsa, wannan kuma sai shi.

Kada a ce mun wanke sojojin Yamai. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Bayan an ɗage takunkumi Benin ta buɗe nata gefen, su suka ƙi buɗe gadar Gaya, suka ce saboda tsaro. Kayan da suka saba zuwa daga Kwatano a 'yan kwanaki suka koma zagayawa ta Lome da Burkina Faso, ana jiran rakiyar soja, kuɗin mota ya ninka, mai saye a Yamai ya biya. A Oktoban 2024 suka hana fitar da hatsi sai zuwa Mali da Burkina. A Mayun 2025, ana shirin Babbar Salla, suka hana fitar da dabbobi, kuma mun ga abin da hakan ya yi wa masu niyyar layya a nan unguwar, gidajen da suka saba yanka rago suka koma haɗa kuɗin sa. Waɗannan duk shawarwari ne na gwamnati, kuma irinsu muke yi mu ma: a farkon 2024 jami'an kwastan ɗinmu sun yi ta tare motocin hatsi masu nufar iyaka. Da aka yi ƙarancin fetur a Nijar a Maris na 2025, babban dalilinsa shi ne man Najeriya mai tallafi da ake tsallakarwa a jarkoki ya daina araha, matatar Damagaram kuma ba ta iya ɗaukar nauyin ƙasar duka. Daga ina aka nemo agaji? Daga Najeriya, wata biyu bayan an ce an rabu.

To me ficewar ta sauya a zahiri? A ciniki, zuwa yanzu kaɗan ne. Ƙasashen uku sun sa harajin rabin kashi ɗaya cikin ɗari kan kayan da ke shigo musu, tun ƙarshen Maris na 2025. Sun fito da fasfo nasu na ƙawancen AES. Ma'aikatansu da ke ofisoshin ƙungiyar sun rasa aiki. Shugaban hukumar ECOWAS, Omar Alieu Touray, ya yi gargaɗi a Yulin 2024 cewa za su iya rasa ayyukan raya ƙasa na miliyoyin daloli, kuma wannan ba ƙarya ba ne, sai dai abu ne da zai bayyana a hankali cikin shekaru. Mauritaniya ta fita tun ƙarshen 2000, ba ta mutu ba, ba ta kuma yi arziki don ta fita ba, daga baya ma ta dawo ta ƙulla yarjejeniyar ciniki da ƙungiyar a 2017.

Masu sauraron rediyo za su tuna da Birtaniya, wadda ta kaɗa ƙuri'ar barin Tarayyar Turai a Yunin 2016 ta fita a Janairun 2020. Har yau 'yan siyasarsu na jifan juna da maganar. Ofishinsu mai lura da kasafin kuɗi ya ƙiyasta ficewar za ta rage musu ƙarfin tattalin arziki da wajen kashi 4 cikin ɗari a tsawon lokaci, ga kuma takardun kwastan da suka dawo wa 'yan kasuwarsu. Amma ko a can, da farashi ya hau kashi 11 a Oktoban 2022, ƙasashen da suka zauna cikin Tarayyar nasu ya haura kashi 10, saboda yaƙin Yukiren da tsadar gas sun taɓa kowa. Kuma bambancinmu da su babba ne. Su kusan rabin cinikinsu na waje da Tarayyar suke yi, a kan hanyar da babu shinge ko ɗaya. Mu cinikin da ke rubuce tsakanin ƙasashen ECOWAS bai wuce kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari ba, saura a bayan littafi yake tafiya, kuma shingen da aka ce an cire a takarda bai taɓa barin kan titi ba. Direban da ya ɗauki kaya daga Kachia zuwa Jibiya ya san sau nawa yake sa hannu a aljihu kafin ya ga iyaka da idonsa. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya soki irin waɗannan karɓe-karɓen da ake yi wa 'yan kasuwa da matafiya a Kitabul Farƙi, shekara 200 da suka wuce. Ba Tiani ya kawo su ba, ba kuma ECOWAS ta kawar da su ba.

Inda ficewar ke da haɗari na gaske shi ne maganar zama. Yau ECOWAS ta ce 'yan ƙasashen uku su ci gaba da shiga da fita da zama kamar da, har sai an sake sanarwa. Su ma a Disamban 2024 sun ce ƙofarsu a buɗe take ga 'yan ECOWAS ba biza. Amma wannan alkawarin baki ne na gwamnatoci, wanda ya ba da shi yana iya janye shi da sanarwa ɗaya a rediyo. Mai shayin bakin tasha, da mai gadin shago, da mai tura ruwa, da mai yawo da dabino da aya a baro, waɗanda muke sahu ɗaya da su a masallaci, zamansu ya rataya a kan wannan. Haka 'yan uwanmu da ke da rumfuna a Yamai da Agadas da Arlit. Abin da ya faru a 1969 da 1983 ya fara ne da irin maganar da muke ji yanzu: an shiga matsi, ɗan siyasa ya nemi wanda zai nuna da yatsa, wanda ya fi sauƙin nunawa kuwa shi ne wanda ba a garinsu yake ba.

Mu a kudancin Kaduna ba sai an yi mana dogon bayani ba. Rikicin Zangon Kataf na Fabrairun 1992 a kan maganar mayar da kasuwa wani wuri ya fara, kafin ya dawo a watan Mayu ya ci rayukan da Allah kaɗai Ya san adadinsu, daga kowane ɓangare. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya kiyaye na gaba. Muna zaune da mutanen Ham bisa amana tun kakanni, su suna noma, mu muna saye muna kaiwa, annobar citta kuma ba ta tambayi sunan kowa ba da ta zo. Wanda ake iya kira baƙo a garin da aka binne kakansa bai kamata ya zama na farkon cewa 'yan Nijar ne suka ja mana ba. Abokin cinikin Maraɗi da ya shekara goma yana biyan bashinsa a kan lokaci, a duba littafinsa, a duba farashin sefa na ranar, a yi ƙa'idar da za ta kare kowa idan naira ta sake motsi. Takardar da aka sa wa hannu a Abuja ko Bamako ba ta sauya halinsa ba.

Akwai aiki ɗaya da ficewar ba ta tsayar ba. Layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kilomita 284, wanda aka ƙaddamar a Fabrairun 2021, ana ci gaba da shimfiɗa shi ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya. Idan ya kammala, buhun da ya isa Kano zai iya kwana a Maraɗi ba tare da ya tsaya a shinge ko ɗaya ba. Sai dai kafin ya isa Kano fa? Layin Gabas da ya raya Kafanchan an ƙaddamar da gyaransa a Maris na 2021, daga Fatakwal zuwa Maiduguri, kuma abin da aka gama aka sa jirgi a kai shi ne daga Fatakwal zuwa Aba. Tashar Kafanchan, mahaɗar da kakanninmu suka yi ta loda citta a cikinta tun 1927, ciyawa ce ke cin layukanta, kayanmu kuma suna bin titin Kachia a kan kuɗin gas na yau.